Ragayar Ƙarfe ta Baba Dunoma

Duk wanda ya ƙara ce mini ragayar babana ce ta yi laifi, wallahi sai mun kwashi 'yan kallo da shi, ko da a tsakiyar kasuwar Roni ne. Na gaji da jin wannan magana. Ina wurin aka yi komai, ba labari aka ba ni ba. Ni ce Ummi Kulsum, 'yar farin Dunoma ɗan acaba, kuma tunda shi ya kulle bakinsa, to nawa a buɗe yake.

Baba ba haifaffen nan ba ne. A bakin Tafkin Chadi aka haife shi, a gidan masu shanun kuri. In ba ka taɓa ganin kuri ba, fararen shanu ne dogaye, masu ƙahoni a kumbure kamar gora, suna iyo daga tsibiri zuwa tsibiri tamkar ba shanu ba. Kakana ya gaji garken daga ubansa, shi ma daga nasa uban. Baba kuwa hannunsa ya fi karkata ga ƙarfe. Gyaran injin jirgin ruwa yake yi, har Kaka yana yi masa tsiya cewa ya haifi ɗan da warin baƙin mai ya fi masa ƙanshin nono.

Da fitina ta tashi a bakin Tafki, a safiya ɗaya aka kore garken kaf. Kaka bai daɗe ba bayan haka. Abin da Baba ya fito da shi, mahaifiyata Amna ce, da ni, da wani ɗan maraƙi da ya ɓuya cikin ciyayi aka wuce shi. A bayan motar banda muka taho, maraƙin yana kwance a kan ƙafafuna. Har yau in na ji warin busasshen kifi sai na tuna ɗumin jikinsa.

A Roni muka sauka ba mu san kowa ba. Alhaji Muhammadu Lawal ne, wani dattijo mai faɗa a ji, ya ba mu ɗaki da filin ɗaure maraƙi, ya kuma tsaya wa Baba har aka karɓe shi cikin 'yan acaba. Na faɗi wannan ne don kada a ce ni butulu ce. Ya yi mana alheri, ban manta ba. Tun daga ranar, in Baba ya hango Alhaji, daga nesa yake tuɓe takalmi ya durƙusa. Shi kuwa Alhaji, da yake jinin Fulani ne, sai ya ce, “Babarbare bawana, tashi haka nan.” A yi dariya a watse.

Maraƙin ya girma ya zama bijimi, mutanen gari suka sa masa suna Ɗan Tafki. Har daga ƙauyuka ake zuwa kallon ƙahoninsa. Zafin nan bai karɓe shi ba, don haka da bazara Baba kan bar fasinja a tasha ya dawo gida ya kwara masa ruwa. Ɗan Tafki ya hau shanun gari, an samu maruƙa, amma duk ruwa biyu ne, ƙahoni sirara. Baba ya je ya duba, ya shafa kan ɗan maraƙi, ya ce, “Allah ya raya,” ya juyo. Abin da yake nema guda ɗaya ne tak: saniyar kuri tsantsa, don garken ubansa ya sake tashi ko da daga maraƙi ɗaya ne. Ya yi cigiya har ya gaji, Ɗan Tafki kuma yana ta tsufa.

Anti Angelina ce ta kawo dabara. Ma'aikaciyar lafiyar dabbobi ce a Kazaure, mutuniyar Filato, mace mai faɗa da gaskiya. Aikinta har da barbarar allura, wato a ɗebi irin bijimi a adana, in saniya ta nemi namiji a sa mata ba sai bijimin ya zo ba. Ta ce, “Baba Dunoma, wannan sa ba zai jira ka ba. Mu ɗebi irinsa mu ajiye.” Aka kai shi wata gona a bayan Kano inda suke da kayan aikin. Aka dawo da wasu 'yan tsinkayen roba sirara kamar tsinken tsintsiya, waɗanda ba su cika tafin hannu ba, saboda tsufa ya riga ya ci ƙarfinsa. Damina ba ta ƙare ba ya kwanta, aka sa masa wuƙa. Baba bai ci naman ba. Ƙahonin ya rataye a zaurenmu.

Tsinkayen nan a cikin wani tulun ƙarfe na Anti Angelina suke zaune, nutse cikin ruwan naitirojin. Ruwa ne mai azabar sanyi, ƙanƙara a kusa da shi wasan yara ce. In ka ɗaga murfi sai farin hayaƙi ya malalo ƙasa. Daga Kano ake sayo shi ana ƙarawa, don kullum raguwa yake. Dokar tulun ɗaya ce, kuma ta maimaita mana ita har muka haddace: ba a ɗago kwandon tsinkaye ya wuce wuyan tulu, ba a taɓa su da hannu sai da hantsaki, kuma tsinken da ya sha iska ya narke, in aka mayar da shi, gawa aka mayar.

Sai ga labari daga Kawu Shafi'i, ɗan'uwan Baba da ya zauna a wata ruga can bayan Kanya Babba. Ya samo saniyar kuri daga tsallaken iyaka, da kuɗin sefa ma aka sayo ta. Ranar na ga Baba yana dariya shi kaɗai a gaban ƙahonin nan. Amma saniyar ta iso a galabaice, Kawu ya ce ko sama da ƙasa za su haɗu ba za ta sake hawa mota ba. Dole tulu ya je wurinta, kuma a ranar da ta nemi namiji, don abin ba ya kwana. Anti Angelina ta ce ina! Ta taɓa ɗaure wani tulu a bayan babur da roba ta bi hanyar Gwiwa da shi. Tulun bango biyu ne, ɗaya cikin ɗaya, babu komai a tsakaninsu, ko iska, kuma a wuya kaɗai suka haɗu. Girgizar hanya ta tsaga wuyan, kafin la'asar jikinsa ya yi fari da raɓa, ruwan ya tsere. Ta ce wannan da ya rage mata ba zai sauka daga kwalta ba.

Baba bai yi musu ba. Ya dawo gida ya zauna a ɗakin Mama yana kallon ragayar da take rataye ƙwaryar nono. Yara suka shigo da gudu suka bangaji ginshiƙi, ragaya ta yi lilo, nono bai zuba ba. Ya miƙe ko hula bai ɗauka ba, sai shagon Manasseh mai walda.

Manasseh abokinsa ne, mutumin kudancin Kaduna, gajere mai yawan mita. Su biyun suka ƙera keji na ƙarfe a kan kariyar babur, wato mazaunin kaya na baya, suka rataye bokiti a ciki da tsagin robar tif ɗin taya ta kowane gefe, a ƙasa suka jera sifirin na tsohon inji. Suka cika bokitin da ruwa, Baba ya hau ya bi hanyar duwatsun bayan gari. Ya dawo jiƙe sharkaf tun daga wuya har wando. Manasseh ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce, “Malam Dunoma, ai wannan ba ragaya ba ce, wurin wanka ka ƙera.” Sifirin yana karɓar duka, amma ba ya daina tsalle. Suka ƙara masa ƙaramar shokazoba ta tsohon babur, suka zuba mata baƙin mai mai kauri don ta riƙa kashe tsallen. Sai kuma matsalar kwana: in babur ya karkata, bokiti ya karkata. Baba ya sa aka lanƙwasa zobba biyu, ɗaya cikin ɗaya, kowanne yana juyawa a kan ƙusoshinsa, yadda duk inda babur ya kwanta bokitin yana tsaye cak. Rani guda suka cinye suna kwancewa suna ɗaurawa. Mama ta ce acaba ta koma ta ɗaukar bokiti, mu kuma mu ci ƙarfe.

Ranar da ya gama, kwanon koko ya ɗora cike taf, ya tafi Kazaure ta hanyar ƙasa, ya ajiye shi a gaban Anti Angelina ko gefensa bai ɓaci ba. Ta duba kwanon, ta duba shi, ta ce, “Na yarda.” Wani ɗan acaba ya ɗauka a waya ya watsa, kuma daga nan ne tsiyar ta faro.

Wata ƙungiyar ci gaban manoma ta shirya baje kolin fasaha a filin gari, Alhaji Muhammadu Lawal ne uban taro. Ya aiko a ce wa Baba ya kawo ragayarsa, kuma da tulun gaske, mai hayaƙin nan, ba bokiti ba. Ƙaddara ta sa a makon Anti Angelina ta tafi gida jana'izar mahaifinta, ta bar tulun a gidanmu amana, saboda ana sa ran kiran Kawu kowace rana. Mun lallaɓa shi kamar jariri. Mama ma da ta ga murfin sakwa-sakwa ne ta ɗauko leda da roba za ta ɗaure, Baba ya yi tsalle ya riƙe hannunta, ya ce in aka toshe shi fashewa zai yi. Mutumin da ya san wannan duka, shi ne ya kasa ce wa ɗan aike a'a. Na ce, “Baba, ka kai bokiti mana.” Ya ce, “Alhaji ne ya ce.” Shi ke nan fa, an rufe magana.

Da hantsi aka fara. Rumfa cike da manyan riguna, mu mata muna gefe. Baba ya zagaya filin a kan babur, ya hau kan itatuwan da aka jera masa, tulu yana tsaye ko gezau. Aka yi tafi. Da a nan aka tsaya, da yau ba na wannan surutu.

Alhaji ya taso da baƙinsa, ya ce a buɗe su ga hayaƙin. Baba ya buɗe. Aka yi ta salati ana matsowa da wayoyi. Sai Alhaji ya leƙa ya ce, “To ina san yake? Ni hayaƙi kawai nake gani.”

Baba ya durƙusa ya ce, “Ranka ya daɗe, yana can ƙasa. Ba a ɗago shi.”

“Ka ji Babarbare da rowa! A gaban baƙina? Ɗago mana mu gaisa da Ɗan Tafki, ai a filina ya girma.”

Aka fashe da dariya. Baba ya kama mariƙin kwandon ya ɗago kaɗan, iya wuya. Wani baƙo mai babbar hula ya ce shi bai gani ba, a ƙara. Aka ƙara. Kafin ka ce me, baƙon ya sa yatsu ya zaro tsinke, ya yi ƙara, “Kai, yana cizo!” ya miƙa wa na kusa da shi. Jama'a, kamar goron ɗaurin aure! Wannan ya karɓa ya ɗaga a rana, wancan ya ce a ba shi nasa a ɗauke shi hoto, wani har da shinshinawa. Mai hoto yana cewa a ɗan dakata, a sake, Alhaji bai kalli nan ba.

Manasseh ya kutso yana cewa, “Oga, don Allah a mayar, zai mutu!” Wani mai gadi ya tare shi da ƙirji ya mayar da shi baya. Ni kuwa na fizge mayafina daga hannun Mama na ratsa maza. Na ce, “Baba, Anti Angelina ta ce in ya narke ya lalace!” Mai gabatarwa ya ji, ya faɗa a lasifika cewa ga 'yar injiniya ta zo koya wa ubanta aiki. Filin ya ɗauki dariya. Baba bai ɗago ya kalle ni ba, ya ce, “Ummi, koma ki zauna.” Muryarsa ko ni da ke gabansa da ƙyar na ji.

Da suka gama kallonsu suka mayar masa da tsinkayen ɗaya bayan ɗaya, har da godiya. Ya karɓa da hannu biyu, ya zuba a kwando, ya nutsar, ya rufe. Aka ba shi agogon bango a naɗe cikin takarda mai ƙyalli. Agogo! Me zai duba da shi?

A gida na yi ta masifa har muryata ta dushe. Ya ce wataƙila ba duka suka narke ba, Allah mai iko ne. Na san ba ni yake rarrashi ba, kansa yake rarrashi. Ya kuma hana ni gaya wa Anti Angelina da ta dawo, wai tana cikin makoki.

Ba a daɗe ba Kawu ya bugo waya da sassafe cewa saniya ta fara nema. Baba ya ɗauki tulu a ragaya, wani babur ya ɗauko Anti Angelina. Hanyar bayan Kanya Babba duk kwazazzabai ce da yashi, amma da suka isa ta auna ruwan ta ga yana nan yadda ta zata, jikin tulu a bushe. Ta yi wa saniyar kuri allura da irin Ɗan Tafki. A ranar kuma ta yi wa wata saniyar maƙwabcin Kawu da irin wani bijimi dabam, daga wani kwando na cikin tulun nan dai, wanda babu mai babbar hular da ya taɓa shi. Ku riƙe wannan da kyau.

Bayan 'yan makonni saniyar maƙwabci ta kama. Ta kuri ta sake neman namiji. Aka koma aka sake yi mata, nan ma ba ta kama ba. Sai Anti Angelina ta narka tsinken ƙarshe ta ɗiga a ƙarƙashin madubin aikinta mai girmama ƙananan abubuwa. Ta daɗe tana kallo. Ta ce, “Baba Dunoma, babu mai motsi ko ɗaya. Me ya sami kwandon nan?” Ya sunkuyar da kai. Ni na gaya mata, tun daga hayaƙi har agogo. Ta zauna daɓas a kan benci ta ɗora hannu a ka. Ba ta yi masa faɗa ba, ita da ke faɗa da kowa. Cewa kawai ta yi, “Ai da ka bari na ji tun farko, da ban wahalar da saniyar ba.”

Yanzu ga abin da ya fi ƙona mini rai. Wata Juma'a bayan an sauko, Alhaji ya tsaya da mota a ƙofar gidanmu. Ina cikin zaure, a ƙarƙashin ƙahonin nan, ina jin komai. Baba ya tuɓe takalmi ya durƙusa a gefen tagar motar.

“Babarbare, ina labarin maraƙinmu?”

“Ranka ya daɗe, Allah bai yi ba.”

“Ash! Ai na faɗa wa mutanena tun ranar. Wannan kejin naka yana da kyan kallo, amma abu mai rai ba zai jure girgizar babur ba. Ka sake duba shi, akwai gyara.”

Na jira. Wallahi na jira. Kalma ɗaya nake so ya faɗa, ko a cikin wasan nasu ne na Fulani da Barebari. Sai na ji ya ce, “Haka ne, ranka ya daɗe. Za a duba.”

Haka ne! Abu ɗaya da bai gaza ba a duk wannan lamari, abin da ya ƙera da hannunsa, shi ya miƙa aka ɗora wa laifi, don kada dattijo ya ji kunya. Alhaji ya ja mota ya tafi da zuciya fes, kuma tun daga ranar duk majalisar da ya zauna haka yake ba da labari. Maganarsa ce ta zama gaskiyar gari. Har 'yan acaba abokan Baba suna ce masa injiniyan girgiza.

Na shiga na same shi na ce, “Baba, ɗakin da ya ba mu, sai yaushe za mu gama biyansa da bakinmu?” Ya ce, “Ranar da muka sauka a garin nan ke yarinya ce, ba ki san yadda ake kallon baƙo ba.” Na ce na sani sarai, a kan ƙafata maraƙin ya kwanta. Washegari na tarar da shi a tsakar gida ya kwance ragayar gaba ɗaya, zobba a nan, sifirin a can, yana goge su ɗaya bayan ɗaya. Na ce me yake nema. Ya ce, “Alhaji zai tambaya ko na duba.”

Manasseh ya daina gaishe da Alhaji, nasa maganin ke nan. Anti Angelina kuwa har yau ba ta yarda kowa ya ɗauki tulunta sai Baba. Da ragayar nan take shiga rugagen Gwiwa da Babura inda da ba ta iya zuwa, kuma maruƙan da aka samu ta wannan hanya suna nan suna kiwo, kowa yana gani. In babu aikinta, ƙwai yake ɗauka wa mata masu kaji daga Roni zuwa Kazaure, ba a taɓa dawo masa da fasasshe ba. Amma je ka tambayi mutumin gari, zai ce maka ai kejin Dunoma ne ya kashe irin san nan.

Kawu Shafi'i ya gaji da jira, ya saki saniyar kuri cikin garken ruga. Bana ta haihu. Baba ya ce in raka shi barka, na hau bayansa, kejin babu komai a ciki yana taɓa mini baya. Muka tarar da ɗan maraƙin a gindin uwarsa, fari tas, kyakkyawa. Baba ya tsuguna ya daɗe yana laluben kansa da babban yatsa, daidai inda ƙaho zai fito. Kawu yana ta zuba cewa ai ya ɗauko uwarsa, ka ga tsawon ƙafa.

Baba ya cire hannunsa ya goge a riga. Ya ce, “Allah ya raya.” Sannan ya ce mini mu tafi, akwai ƙwan da zai kai Kazaure kafin la'asar.